3.4 Kalmomin Watsi da Zancen Banza a Ingilishi: Tsokaci a kan Ra'ayin Frankfurt

Ingilishin yau da kullum yana da kalmomi da dama na yin watsi da maganar da ba ta da kan gado, irin su nonsense da rubbish da humbug da bunkum. Wadda ta fi jan hankalin masana ita ce bullshit, wato "kashin bijimi", wadda ba a furta ta a gaban manya. Harry Frankfurt, wani masanin falsafa ɗan Amurka, ya nazarce ta a wata maƙala a 1986, aka sake buga ta a matsayin littafi a 2005.

A ra'ayinsa, maƙaryaci ya san inda gaskiya take, kauce mata yake yi. Shi kuwa mai irin wannan zance, babu ruwansa da gaskiya ko ƙarya, muddin bukatarsa za ta biya. Don haka ya fi maƙaryaci illa ga gaskiya. Asalin kalmar bunkum ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 1820, Felix Walker ya dage sai ya yi dogon jawabi a majalisar wakilan Amurka, ba don ya ƙara wa muhawara komai ba, sai don mutanen gundumar Buncombe da yake wakilta su ji ya yi magana. Daga sunan gundumar aka sami kalmar.

Sai dai ra'ayin yana da rauni ta fuska biyu. Na farko, kamar yadda G. A. Cohen ya nuna a 2002, mutum yana iya yin zance maras ma'ana alhali da zuciya ɗaya yake yin sa. Bahaushe ma ya bambanta ƙarya da shirme, domin mai shirme yakan gaskata abin da yake faɗa. Na biyu, Frankfurt ya karkata ga niyyar mai magana, ya bar mai sauraro. Idan aka lura, mai sauraro ne ke furta kalmar, kuma bai ga zuciyar abokin zancensa ba. Wanda ya ce rubbish bai kawo hujja ba, hukunci ya yanke.

Ke nan, waɗannan kalmomi suna aiki biyu: suna tona asirin soki-burutsu, suna kuma iya toshe bakin mai gaskiya, musamman idan babba ne ya jefi na ƙasa da su. Wannan aiki na biyu shi ne nazarin Frankfurt bai taɓo ba.