Lantarki daga kanal ɗin noman rani: bidiyon ya yi kyau, amma ina lissafin?

Wataƙila kun ci karo da irin bidiyon nan a Facebook: an saka ƙaramar farfela cikin kanal, tana juyawa, ƙwan lantarki ya kama, sai a rubuta cewa ga maganin matsalar wutar karkara. Tunanin ba shirme ba ne, sai dai masu yaɗa shi suna tsallake tambayar da ta fi muhimmanci: wuta nawa ake samu?

Mu ɗan lissafa. Farfela mai faɗin murabba'in mita 1, cikin ruwa mai gudun mita 1 a sakan, ƙarfin wat 500 ne kawai ke ratsa ta, kuma da ƙyar ta kama 300 daga ciki. Wannan ko dutsen guga ɗaya ba zai ɗauka ba. Ga shi kuma da gangan ake gina kanal ruwansa ya tafi a hankali, don kada ya zaizaye gefe.

Inda ƙarfin yake shi ne wurin da ruwa ke faɗowa. Lita 1,000 a sakan, idan ta faɗo tsayin mita 1, injin kirki zai ba da kusan kilowat 7. Shi ya sa a Indiya, kan kanal ɗin Ganga da aka buɗe a 1854, a irin waɗannan wurare aka kafa tashoshi kamar Pathri da Mohammadpur.

Abu na biyu da bidiyon ke ɓoyewa: ruwan kanal na manomi ne. Ɗauki wanda ke tasowa daga madatsar Tiga zuwa gonakin Kura da Bunkure. Gwargwadon buƙatar shinkafa da tumatir ake sakinsa, ba don dare ya yi ana son haske ba. Ranar da aka rufe don yashe ko gyara, wuta ta tafi. Ga ciyawa da taɓo masu toshe inji. Kuma duk abin da ya tare ruwa a sama, mai gonar ƙarshe ne zai ji a jikinsa.

Saboda haka, kafin wata ƙungiyar manoma ta zuba kuɗinta, ta nemi amsa uku a rubuce: lita nawa ke wucewa a sakan, tsayin faɗuwar mita nawa ne, kuma kwana nawa ruwan ke gudana a shekara. Duk mai tallar da ya kasa ba da su, kada a saya.