Jinjina ga Malaman Turanci na Aji Ɗaya

Wanda ya raina aikin malamar Turanci a firamare bai taɓa riƙe alli gaban aji maƙil da yara ba. Haruffan Turanci 26 ne, sautukansa kuwa sun haura 40, wasunsu ma babu su a bakin Bahaushe. Sai ka ga malama ta ɗaga 'yar takarda gaban leɓen yaro, ya yi ta furta "p" har takardar ta motsa, don kada "pan" ta koma "fan". A tsarin Jolly Phonics, da s, a, t, i, p, n ake farawa. Kafin ka ankara yaro ya haɗa "pin" da kansa. Nahawu kuma cikin waƙa da tafi take cusa shi. Ga albashin bai taka kara ya karya ba. Sannunku da ƙoƙari, malamai.