Rocketboom da Rikicin Wane Ne Mai Shirin

A watan Oktoba na 2004, tun kafin a san da YouTube, wani mutumin jihar Texas mai suna Andrew Baron ya fara sakin gajeren shirin labarai a intanet daga gidansa a birnin New York. Ya raɗa masa suna Rocketboom. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: tebur, kyamara, da taswirar duniya manne a bango. Mai gabatarwa kuwa, Amanda Congdon, ta tallar neman ma'aikaci a shafin Craigslist aka samo ta. Daga Litinin zuwa Juma'a takan zauna ta jero labaran fasaha da na ban dariya cikin kusan minti uku, tana juya kai da sauri tsakanin labari da labari, tana magana da mai kallo kamar sun daɗe da sanin juna.

Wannan sabon, shi ne jarin shirin gaba ɗaya. Mai karanta labarai a talabijin da muryar gidan da ya ɗauke shi yake magana. Mai bidiyon intanet kuwa da fuskarsa da halinsa yake kasuwanci, kuma dominsu jama'a ke dawowa kullum.

Kuɗi ba su daɗe ba suka biyo baya. A Fabrairun 2006 Rocketboom ya yi gwanjon tallar mako guda a eBay, kamfanin TRM mai harkar na'urorin cirar kuɗi ya saye ta a kan dala 40,000. Masu shirin ne da kansu suka tsara tallar, don kada ta fita daga salon da masu kallo suka saba da shi. Abin ya zama labari a jaridun Amurka, domin shiri ne da ake haɗawa da 'yan daloli kaɗan a rana.

Wata biyar kacal bayan haka aka raba gari. Baron na da kashi 51 cikin 100 na kamfanin, Congdon na da 49. A Yulin 2006 ta fito a bidiyonta ta ce an ture ta, shi kuma ya ce ita ce ta zaɓi tafiya saboda tana son komawa Los Angeles. Kowa da nasa zancen, amma tushen rigimar a fili yake: takarda ta ba Baron rinjaye, zukatan masu kallo kuma suna wajen Congdon. Ba a taɓa zama tun farko an tantance wanne ne ainihin dukiyar ba, sunan shirin ko matar da ke gabatar da shi. An kawo Joanne Colan ta maye gurbinta, ta kuma yi aikinta da kyau, Congdon ta koma ABC News na ɗan lokaci. Daga ita har shirin, babu wanda ya sake samun irin tashen 2006.

Ko da ba su ɓata ba, kasuwar ta riga ta tashi daga inda suka kafa rumfa. A Oktoban 2006 Google ya sayi YouTube a kan dala biliyan 1.65, a 2007 kuma aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo. Duk abin da Baron ya sha wahalar ginawa da hannunsa, hanyar rarraba shiri da neman masu talla, ya zama kyauta ga duk matashin da ke da kyamara. Yarjejeniyar rarrabawa da ya ƙulla da Sony a 2008 ta ƙara wa shirin kwana, ba ta dawo masa da matsayinsa ba.

Abin da ya fi daraja a ƙarshe daga gefe ya ɓullo. Ma'aikatan Rocketboom sun ƙirƙiri shafin Know Your Meme, mai bin diddigin asalin hotuna da kalaman barkwanci da ke yawo a intanet. Shi bai dogara da fuskar kowa ba, don haka ana iya sayar da shi, kuma a 2011 kamfanin Cheezburger ya saye shi. Rocketboom ya ci gaba da fitowa na wasu shekaru, masu gabatarwa na ta sauyawa, har ya daina fitowa kullum.