Tsokaci a Kan Taken Buɗe Filin 'Yan Siyasa a Talabijin

Bahaushe ya san take tun kafin zuwan talabijin. Da an kaɗa tambari ko an busa kakaki, mai sauraro ya san sarki ake nufi. Wato take yana da mai shi. A kan wannan ma'auni nake son in auna 'yan daƙiƙoƙin kiɗa da hotuna da ake buɗe filin 'yan takara da su a gidajen talabijin na gwamnati.

Dokar Zaɓe ta 2010 a sashe na 100, da ta 2022 a sashe na 95, sun wajabta wa kafofin gwamnati su bai wa jam'iyyu lokaci daidai wa daida. To amma mintocin jawabi ake ƙirgawa. Taken buɗewa kuwa, da shi ake fara shiga zuciyar mai kallo.

Na taɓa zama a wata majalisa a Sabuwa muna kallon irin wannan fili. An buɗe da kiɗan sarauta da hotunan tituna da asibitocin da gwamnati mai ci ta gina, sannan ɗan adawa ya bayyana. Wani dattijo ya ce, "Ai wannan baƙo ne a gidan wani." Bai yi kuskure ba, domin an ba mutumin lokacinsa cif, amma an riga an kaɗa taken abokin takararsa.

Mutanen mazaɓar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa sun daɗe suna karanta alama: gida da masara na NPN da mabuɗin PRP a 1979, dokin SDP da mikiyar NRC a 1993. Wanda ya saba da wannan, launi ɗaya ya ishe shi gane inda tasha ta karkata. A Ingila, inda aka fara irin wannan fili a talabijin a 1951, gajeriyar sanarwa ake yi da sunan jam'iyyar da za ta yi magana.

A ganina, kamata ya yi taken ya zama kamar sallama, wadda iri ɗaya ake yi wa kowa: kiɗan da ba na kowa ba, alamun jam'iyyu girmansu ɗaya, babu hoton mai mulki. Malamai kuma su riƙa tambayar ɗalibai, taken wa suka ji kafin a fara magana?