Kafin a Kira Manhaja, a Auna Milimita 55

Da can, idan ka ga hoton sararin samaniya wanda taurarinsa suka fito zagaye tsaf daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka san mai shi ya sha fama da kayan aikinsa. Yanzu sau da yawa abin da hoton ke nunawa shi ne mai shi ya sayi manhaja. Tun ƙarshen 2022 da Russell Croman ya fito da BlurXTerminator, wadda ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen mayar da tauraron da ya miƙe ya koma ɗigo, masu shigowa wannan fage da yawa sun daina damuwa da ɗan bututun ƙarin da ke tsakanin madubin hangen nesa da kyamara. Wannan sakaci yana damuna ƙwarai, domin a wannan ƙarfe mai arha hoto yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Aiki biyu bututun yake yi, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko mai sauƙi ne. Madubin hangen nesa mai gilashi a gaba an ƙera shi ne da tunanin za a sa masa madubin kusurwa don kallo da ido. Da zarar an cire shi aka ɗaura kyamara, tafiyar hasken ta gajarta, sai ka murɗa abin saiti har ƙarshe tauraro bai tattaru ba. Bututu ya cike giɓin, magana ta ƙare. Masu madubi irin na Newton kuwa matsalarsu akasin haka ce, kyamara ce ba ta matsowa ciki yadda ya kamata, kuma ƙara musu bututu ƙara nisa ne kawai.

Aiki na biyu shi ne inda ake yin asara. Gilashi yana tattara haske ne a kan fili mai lanƙwasa, sensar kyamara kuwa a shimfiɗe take. Shi ya sa ake sa gilashin gyara a gabanta, kuma wannan gilashin yana da tazarar da aka ƙera shi ya yi aiki a kanta. Mafi yawansu milimita 55 suke nema, gadon mahaɗin T da kamfanin Tamron na Japan ya fito da shi a 1957. Kyamarar Canon mai bakin EF tana da 44 daga baki zuwa sensa, zoben T ya ƙara 11, lissafi ya cika. Kyamarorin ZWO masu sanyaya kansu suna da 17.5, kuma a cikin kwalinsu akwai bututu mai 21 da mai 16.5, jimilla 55. Amma ka sa filta mai kaurin milimita 2 a hanya, dole ka ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku na kaurinta. Kuma ba kowa ke bin 55 ba: gilashin rage tsawo na Celestron mai f/6.3 milimita 105 yake so.

Abin da ke ruɗar sabon shiga shi ne tsakiyar hoto tana iya yin kyau ko da tazarar ba daidai ba. Ya ɗora abin rufen bakin nan mai tsage-tsage da Pavel Bahtinov na Rasha ya ƙirƙiro a 2005, layuka uku sun gicciye daidai, ya ce ya gama. Kusurwoyi ne ke tona asiri. Idan taurarin gefe sun miƙe kamar suna gudu daga tsakiya, galibi sensa ta yi kusa. Idan sun lanƙwasa suna zagaye tsakiyar, ta yi nisa. Wanda ya iya karanta wannan, da 'yan zobba sirara masu rabin milimita da milimita ɗaya zai gyara abinsa a dare guda.

To, me ya hana a bar wa manhaja? Ba na ƙin ta, tana da ban mamaki, kuma tana da amfani wajen ɗan abin da ya rage bayan an yi iya ƙoƙari. Sai dai hasken tauraro mai rauni idan ya bazu a faɗi, wani sashensa ya nutse cikin hayaniyar sensa, kuma abin da manhaja za ta zana a gurbinsa hasashe ne daga hotunan da aka horar da ita da su. Ga mai neman hoton ratayewa a bango, wataƙila ba komai. Ga wanda ke son wata rana ya auna hasken taurari masu canzawa ya aika wa ƙungiya irin AAVSO, wadda ke tattara awon masu sha'awa tun 1911, hoton da aka yi wa irin wannan kwaskwarima ba ya karɓuwa. Kayansa ne za su ba da gaskiya tun daga tushe.

Akwai kuma zancen irin bututun. Na fi yarda da wanda ake murɗawa, mai bakin M42 ko M48, a kan wanda ake zurawa a matse da 'yar ƙusa a gefe. A madubi mai f/5, iyakar da saiti yake zama daidai ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Kyamara mai nauyi da ƙusa ɗaya ta riƙe tana sunkuyawa fiye da haka idan madubi ya juya yana bin tauraro, sai gefe ɗaya na hoto ya yi kyau, ɗayan ya dushe, mai shi ya shiga zargin gilashin da bai yi laifi ba.

Madubai irin na Petzval, kamar RedCat 51 na William Optics, sun rage wannan wahala ta hanya mai tsabta, domin gilashin gyaran yana ciki, da hoto ya tattaru tazara ta yi daidai. Wanda ya sayi irinsu ya yi dabara. Amma yawancinsu ƙanana ne, kuma ranar da ya yi sha'awar taurarin da ke buƙatar babban madubi, zai tarar da takardar kamfani ɗauke da wata lamba ta milimita, da tarin zobban da dole ya auna ɗaya bayan ɗaya.