Tasha ba jirgi: nazari bisa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kano da kalmomin da ta bar ma Maraɗi

1. Gabatarwa

Duk wanda ya girma a Tsibiri ko Maraɗi ko Jiratawa ya san tasha tun yana yaro. Can ake shiga motar Katsina, can ake tarbon baƙo, can ake ba direba saƙo. Amma in aka tambayi mai magana asalin kalmar, da wuya jirgin ƙasa ya faɗo masa a rai, domin jirgin ƙasa bai taɓa tsayawa a bakin gulbin Maraɗi ba. Kalmar ta iso mana, ginin da ya yaɗa ta ya tsaya ƙetaren iyaka. A cikin wannan ɗan nazari za mu koma ga wannan gini, wato tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kano, mu dubi tarihinta da fasalinta, sa'an nan mu auna su da ma'aunin da muka fi sani, wato na harshe. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa don kaya aka zana tashar, mutane kuwa sun shigo cikin zanen a matsayin masu ɗaukar kayan, kuma kalmomin da hausa ta samu a wurin suna riƙe da shaidar haka.

2. Tarihi a taƙaice

A shekara ta 1907 Ingila ta naɗa Percy Girouard shugaban mulkinta a Nijeriya ta Arewa. Injiniyan dogo ne, wanda ya riga ya shimfiɗa hanyar jirgi cikin hamadar Sudan, kuma aikin da ya kawo shi ke nan. An ɗauko dogon daga Baro, a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa suke sauke ƙarafa, aka bi da shi ta Minna da Zariya, tsawon mil 356, wato kimanin kilomita 570. Ta hannun sarakuna da hakimai aka tara leburorin, kuma da yawa daga cikinsu aikin tilas suka yi. Dogon ya isa Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a watan Afrilu na 1912. A lokacin ne kuma aka haɗa shi da dogon da ya taso daga Ikko, ko da yake sai a 1916 aka gama gadar Jabba.

Auduga masu zanen suka sa ma rai, saboda masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka zaɓi gyaɗa. Dalilansu, kamar yadda Jan Hogendorn ya bayyana a littafinsa na 1978, na hankali ne: masaƙan gida sun fi kamfanin Turawa sayen auduga da daraja, Turai tana neman man gyaɗa, sa'an nan ita gyaɗa in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. A shekara ta 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta haura tan dubu 19, alhali shekara ɗaya kafin nan ba ta kai tan dubu 3 ba. Daga baya aka miƙa dogon zuwa Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Duka rassan biyu sun nufo iyakar Nijar, duka biyu kuma sun tsaya kafin su kai.

3. Fasalin tashar

In muka ce fasali, ba adon bango muke nufi ba. Muna nufin inda aka ajiye gini, da inda ya sa gaba, da yadda aka raba filinsa.

Abu na farko shi ne matsayi. An ajiye tashar bayan ganuwa, gabas da birni, daura da Fagge, inda ayarin Abzinawa suka saba yada zango. Kafin zuwanta, baƙon da ya nufo Kano ta ƙofa yake shiga, ya sauka gidan fatoma, dillali ya kai shi kasuwar Kurmi. Ke nan tun daga ƙofar gari akwai wanda ya san shi, akwai wanda zai amsa tambaya a kansa. Mai sauka daga jirgi kuwa a fili yake sauka. Kewaye da shi akwai filayen kamfanonin Turawa, irin su Niger Company da John Holt, da na Faransa irin su CFAO da SCOA, akwai kantunan Kwarori, akwai Sabon Gari da aka yanka wajen 1913 domin ma'aikatan da suka zo daga kudu, can gaba kuma unguwannin hukuma na Nasarawa da Bompai. Dokar birane ta Lugga, ta 1917, ta ƙara da cewa a bar fili na yadi 440, wato kimanin mita 400, ba kowa a cikinsa, tsakanin mazaunin Turawa da na sauran jama'a. Tashar ta zama mahaɗar garuruwa da aka zana don kada su haɗu.

Abu na biyu shi ne fuska. Gidan Bahaushe zaure yake juya ma hanya, kuma a zaure ake gaisawa, a yi ciniki, a yi sulhu. Tasha kuwa dogo take kallo, dogon kuma teku yake kallo. Tsawon taragu ne ya yanke tsawon dandamali da rumfunan kwano, buƙatar injin mai tururi ce ta kawo tankin ruwa da wurin gawayi, mafi yawan filin kuma ya tafi ga layukan jeran taragu da sito-sito. Su ma fasinja an kasa su aji uku, kowa da kujerarsa da kuɗinsa.

Abu na uku shi ne faɗin dogon. Ingilishi sun shimfiɗa nasu bisa milimita 1.067, Faransawa, a dogon da suka ɗauko daga Kwatano ya tsaya Paraku a 1936, sun bi mita ɗaya cif. Bambancin milimita 67 ne, bai kai faɗin tafin hannu ba, amma ya isa ya hana taragun wannan hawa dogon wancan. Ko da duka biyu sun iso Maraɗi, da sai an sauke kowane buhu an sake lodi.

A nan ne muke da ja da yadda aka saba ba da labarin. Hoton da kowa ya riƙe shi ne na dalar gyaɗa, wadda ake dangantawa da Alhasan Ɗantata, ana cewa kowace ɗaya takan ci buhu kamar dubu 15, ana kuma nuna ta a matsayin alamar arziki. Arzikin gaskiya ne. Sai dai dala takan yi tsawo ne a inda kaya suka fi ƙarfin jirgi. Musamman bayan yaƙin duniya na biyu, dogo ƙwaya ɗaya da ƙarancin injuna da taragu sun sa gyaɗar bana takan tarar da ta bara ba a kwashe ba. Ke nan ginin da ya fi kowane shahara a harabar jirgin Kano babu shi cikin zanen injiniya. Ƴan dako ne suka tada shi da kawunansu don su rufe giɓin da zanen ya bari. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur suka kawo ƙarshensa.

4. Abin da kalmomi suka riƙe

In aka jera kalmomin wannan fage sai a ga sun rabu kashi biyu.

Kashi na farko kalmomin gida ne da aka faɗaɗa ma ma'ana. *Jirgi* asalinsa na ruwa ne; da sabon abu ya zo sai aka ce *jirgin ƙasa*, daga baya *jirgin sama*. *Dogo* siffa ce da ta koma suna. *Dala* an aro ta daga dutsen da ke tsakiyar birnin Kano. *Dako* kuwa ya girmi jirgi nesa ba kusa ba.

Kashi na biyu kalmomin aro ne daga ingilishi: *tasha, tikiti, taragu, sito, sikeli, lebura, fasinja, reluwe*. A gefensu akwai *akawu*, wadda ta biyo ta yarabanci, abin da ya dace da asalin ma'aikatan da suka riƙe alƙalami da sikeli a tashoshin farko.

Ta fuskar tsarin sauti, hausa ba ta yarda baƙi biyu su buɗe gaɓa ba. Hanyar da aka fi bi ita ce a saƙa wasali tsakaninsu: « store » ya ba da *sito*, « scale » ya ba da *sikeli*, « truck » ya ba da *taragu*. A « station » kuwa an bi wata hanya, aka yar da baƙin farko da na ƙarshe. Abin da ya saura ya ƙare da wasalin *-a*, don haka ya shiga jinsin mace, ya ɗauki mahaɗin *-r* (*tashar Kano*), ya yi jam'i irin na gida (*tashoshi*). Masu magana da yawa suna jin ta kamar ƴar uwar *tashi*, wato wurin da ake tashi, ko da yake wasalin farko na *tashi* dogo ne, na *tasha* gajere. Wannan kusanci, a ganinmu, yana cikin abin da ya sa kalmar ta zauna daram har aka manta baƙuwa ce.

Abin lura shi ne inda layin rabon ya bi. Abin da mutum yake hangowa daga gonarsa, da abin da yake yi da ƙarfinsa, ya raɗa masa suna da harshensa. Abin da ke cikin shinge, inda ake awo da rubutu da ba da umurni, da sunansa ya zo. Shingen da injiniya ya kafa a ƙasa ya sake fitowa cikin ƙamus. Haka kuma matsayin tashar a bayan ganuwa ya bar tabo cikin ma'ana: in aka ce wane *ɗan tasha* ne, ana nufin ya tashi inda babu mai kwaɓarsa.

Ana iya yi mana gardama ta fuska biyu. Ta farko, Turawan mulki da sojojinsu suna kiran mazauninsu da wannan kalma ta ingilishi tun kafin 1911, kuma akwai tashoshi a Minna da Zariya kafin ta Kano. Saboda haka ba mu ce a Kano aka haifi kalmar ba, mun ce daga can ta bazu zuwa arewa tare da fataucin gyaɗa. Ta biyu, rabon bai cika cif ba, tun da *lebura* da *ɗan dako* suna iya zama mutum ɗaya. Amma wannan misali yana ƙarfafa hasashen ne: mutumin lebura ne a littafin akawu, ɗan dako ne a bakin ƴan uwansa.

5. Tashar Maraɗi da ke Kano

Shekaru da dama, tashar Kano ita ce tashar Maraɗi. Gyaɗar Katsinar Maraɗi da ta Gobir ta bi jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, ta Jibiya da Katsina, ta hau jirgi zuwa Ikko, tafiyar da ta haura kilomita 1.100 bisa dogo. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 bisa alhazan Maraɗi, ya nuna yadda sayen gyaɗa da cinikin iyaka suka gina manyan ƴan kasuwar garin. Daga 1953 hukumar Faransa ta ƙirƙiro shirin da ta kira « Opération Hirondelle », don ta karkatar da wani kashi na gyaɗar zuwa Paraku da Kwatano, tafiyar kusan kilomita 1.000 a mota kafin a ga dogo, alhali Kano ba ta kai kilomita 300 ba. A 1959 aka kafa hukumar OCDN ta haɗin Dahome da Nijar don wannan hanya, a 1962 kuma SONARA ta karɓi cinikin gyaɗa.

Hukuma ta iya juya buhu, ba ta iya juya kalma ba. Claude Gouffé ya yi nazarin kalmomin da hausar Nijar ta aro daga faransanci tun a 1971, kuma duk mun san su: *lakwal, mushe, kumandan, lampo, duwan*. Mafi yawansu na makaranta ne da ofis da haraji. A fagen hanya da kasuwa kuwa bakin Maraɗi ya riƙe *tasha* da *mota* da *kanti* da *sito*. Kalmar « gare » tana bisa alluna da takardun hukuma, amma mai neman motar Ɗan Isa tasha yake tambaya.

6. Kammalawa

Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce. A watan Afrilu na 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, a farkon 2016 aka yi na dogon Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa bisa faɗin mita ɗaya. Jigilar da aka yi alkawari ba ta biyo bayan bukukuwan ba. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil aikin, bisa faɗin milimita 1.435. Faɗi na uku ke nan a yanki ɗaya.

Mutanen Maraɗi sun san abin da ake nufi da a zana maka gari: bayan ambaliyar 1945 hukuma ta tada su daga fadama, ta yanka musu tituna a tudu. Saboda haka ya dace su tambaya tun da wuri a ina tashar za ta zauna, gonakin wa za ta ci, wace fuska za ta juya ma gari, kuma wane wuri aka ware ma fasinja da mai tallar abinci da ɗan dako. Mu kuma masu nazarin harshe muna da namu rabon. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ba hujjar da za ta sa alluna da tikiti da sanarwa su fito cikin faransanci ko ingilishi kaɗai. Ana buƙatar a tattara kalmomin sufuri daga bakin tsofaffin direbobi da ƴan dako da dillalan gyaɗa tun suna raye, a daidaita su da takwarorinmu na Kano da Katsina, a kuma sasanta ƴan bambance-bambancen rubutu, irin na *ƴ* da ake rubutawa *'y* a Nijeriya. Muna ba ɗalibanmu masu neman batun bincike shawara su soma daga tashar mota mafi kusa da su, da littafi da alƙalami.