Daren da Na Ga Shata Ido da Ido a Sabon Gari

Duk wanda a kaset kaɗai ya san Alhaji Mamman Shata, to rabin Shata ya sani. Ni ma a haka nake har tsakiyar shekarun 1980, ina ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ranar da labari ya karaɗe ɗakunan kwananmu cewa Shata zai yi wasa a Sabon Garin Zariya. Mu huɗu muka tari bas a bakin babbar ƙofar jami'a, muka wuce Kwangila, muka sauka a PZ, muka ƙarasa a ƙafa. Ba mu tambayi kowa hanya ba, amon kalangu ne ya yi mana jagora.

Farfajiyar wani otal ce, ta cika maƙil, ba masaka tsinke. Ga ma'aikatan reluwe, ga direbobi, ga alhazan kasuwa cikin manyan riguna, ga Yarbawa da Ibo haifaffun Sabon Gari waɗanda Hausa ta zauna daram a bakinsu. Makaɗa sun jeru, kowa ya matse kalangunsa a hammata, suna ta share fage. Can sai wuri ya kaure da sowa. Ga shi nan tafe, ba gaggawa, ya karɓi makirfo, ya ɗan tsaya yana bin jama'a da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya buɗe baki, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Murya ce mai kauri, mai ɗan kaushi, wadda ba ta bukatar ihu kafin ta kai bangon ƙarshe.

Da Bakandamiya ya fara. Na haddace ta tun ina yaro, na gyara murya zan bi shi, sai na ji ya ɗauki wata hanyar da ban taɓa ji ba. Amshin nan dai shi ne, kiɗan shi ne, amma ɗiyan waƙar sababbi fil. Wani dattijo da ke gefena ya ga na yi sororo, ya dafa ni ya ce, "Ɗana, ai ba a bin Shata, saurarensa ake yi." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Ban sake motsa leɓe ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne wajen tsakar dare. Wani direban babbar mota, da baƙin mai a hannun rigarsa, ya kutso ya manna masa 'yan kuɗi kaɗan a goshi, zai juya. Shata ya ɗaga hannu, kiɗa ya lafa. Ya tambaye shi sunansa da garinsu da hanyar da yake bi. Shi ke nan. Nan take ya gina masa waƙa, ya ɗauko shi daga tasha, ya bi da shi gari gari, ya ambaci daren da yake kwana a hanya da iyalin da ke jiransa a gida. Makaɗan nan ba su yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sun cafe amshi kamar sun shekara suna bitarsa. Direban ya tsaya cak, hawaye na bin kumatunsa, alhazai kuma suka taso suna yi masa liƙi shi ma. A daren nan na gane cewa a idon Shata, duk mai neman halalinsa ya cancanci waƙa.

Wannan baiwa ba a aji ya same ta ba. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa Ibrahim Yaro kuma bai so ya zama mawaƙi ba. Da tallar goro da alewa ya fara, yana waƙa a dandali don nishaɗi, kafin ya koma Bakori, daga baya ya yi zamansa a Funtua. Bikin 'Yan Sarki da aka yi a Kano a 1952 shi ya fito da sunansa sarari. Daga nan fa hanya ta zama gidansa: Nijar, Gana, Ingila, har Amurka. Ya waƙe sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya waƙe attajirai da manoma da sojoji. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya kawo wa mutumin ƙauye labarin sararin samaniya da kalangu. Wane ne kuma ya iya wannan?

Masana ma sun sallama masa. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON. Amma wadda ta fi faranta mini rai ita ce ta gida. Titin da ya taso daga Funtua zuwa Zariya ta gaban Jami'ar Ahmadu Bello ya ratsa, Allah kaɗai ya san sau nawa motar Shata ta wuce ƙofar nan da makaɗansa. A 1988 aka buɗe masa ita, aka sa masa riga da hular masana, aka ba shi digirin girmamawa na Dakta. A ganina, jami'ar ta girmama kanta ne ranar nan, domin ta shaida cewa ilmin harshe da hikima yana nan a bakin mutanenmu tun kafin a gina ɗakin lacca.

A daren wasan nan dai, sai da asuba ta gabato muka kamo hanyar Samaru, kunnuwanmu na amsa kuwwar kalangu, kowa na ƙoƙarin tuno baitin da ba zai sake jin irinsa ba. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura. Na halarci wasanni da yawa bayan wancan dare, har yau ban ga na biyunsa ba.

Kirana ga 'yan'uwa masu tsofaffin kaset da faifan garmaho a ƙasan akwati: ku fito da su a kwafe kafin su lalace, musamman waɗanda aka ɗauka a wurin biki. Ku kuma ɗaliban Samaru na yau, ku nemi littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa ku karanta, sannan ku zauna ku saurari Dakta da kunnen basira. Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.